Ku daina cusa gasdir a bakin shishar lantarki

Assalamu alaikum 'yan uwa Hausawan Jidda, musamman samarinmu na Karantina da Hindawiyya da Sabil. Aikin jinya nake yi a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, kuma wallahi abin da nake gani ya ishe ni.

Ƙuna ce iri ɗaya take ta dawowa: tafin hannu, leɓe, ko cinya daidai aljihun jallabiya. In na tambaya sai a sunkuyar da kai a ce "shisha ce, Yaya." In na matsa sai gaskiya ta fito: "Gyara na yi mata."

Gyaran me? Wurin nan da ake murɗa tankin ruwan a kan gidan batir, wanda masu shago ke kira 510, haƙoransa sukan cinye saboda yawan murɗawa da ƙarfi. Tankin ya fara lilo, wuta ta riƙa yankewa. Sai yaro ya yago gasdir, wato takardar alminiyam ɗin da aka naɗo masa shawarma, ya cusa. Wani ya sa tsinin wuƙa ya ɗago ɗan ƙarfen tsakiya. Wani ya ɗiga gam ya matse da filaya.

Ƙanina, 'yar roba ce kaɗai ta raba wannan ɗan ƙarfen da haƙoran da ke kewaye da shi. Ka yaga ta, ko gasdir ya taɓa su biyun, wuta ta haɗe ke nan. Batirin litiyam kuwa in ya ɗau zafi ba ya jiran kowa, kuma a bakinka yake ko a jikin cinyarka. Abin da ya fi ɓata mini rai, wasu na'urorin sukan nuna gargaɗi su ƙi aiki, sai mai ita ya ce taurin kai take yi, ya ƙara cusa gasdir. Haba!

Wani direba ya zo mini bayan kwana uku da ƙonewa. Yadin jallabiyar ya narke ya manne da fata, ya lafta man goge baki a kai, wurin har ya fara ruwa. Ya ce wa mahaifiyarsa salansar babur ce. Ina wanke ciwon yana cije hularsa, hawaye na zuba, ni ma sai da zuciyata ta karye. Kwanakin da ya yi bai fita aiki ba sun fi kuɗin sabon tanki nesa ba kusa ba.

Ba faɗa nake so in yi muku ba, ƙannena ne ku. Amma don Allah, don Annabi, ku daina cusa gasdir. Haƙoran da suka cinye ba sa dawowa.

In ta fara lilo, kashe ta, cire batirin in mai fita ne.
Datti ne kawai? Goge da busasshiyar auduga, ban da wuƙa, ban da allura.
Haƙora sun cinye? A sauya ɓangaren gaba ɗaya.
Batirin da rigarsa ta yage ko ya kumbura, an gama da shi.
Kada batir ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi a aljihu, kada a bar shi cikin mota a zafin ranar Jidda.
Ruwan nikotin guba ne ga yara, a ɗaga shi sama.

In ƙunar ta riga ta faru, a sa wurin ƙarƙashin famfo minti 20, ruwa mai ɗan sanyi, ba ƙanƙara ba. Kada a fizge yadin da ya manne. Ban da man goge baki, ban da ƙwai. In fuska ce ko ido, ko wurin yana da faɗi, a kira Hilal Ahmar, masu motar agajin gaggawa, a 997. Kuma ku gaya mana batir ne, domin wankin ciwon ya bambanta.

Wanda kuma ya gaji da ita baki ɗaya, ya kira 937 na Ma'aikatar Lafiya ya tambayi asibitin daina shan taba mafi kusa da unguwarsu.