Lakar najasa a gona: ta dace da itacen makamashi, ba da latas ba

Manoma 'yan'uwana, tun da kuɗin buhun kamfa da yuriya ya fi ƙarfin mutane da yawa, tambayar da ake yawan yi mana a wajen aikin malamin gona ita ce ko ya halatta a zuba abin da motocin kwasar masai suka kwaso a gona. Haka kuma ana tambaya game da lakar da ke kwantawa a ƙasan tafkunan tace ruwan ƙazanta na birane. Amsar ta danganta da abin da za a shuka, domin saiwa takan zuƙo guba tare da abincin shuka daga ƙasa.

Babu musu wannan laka taki ce. Idan ta bushe, akan sami sinadarin naitirojin kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a cikinta, da fosfaras mai yawa, amma fotasiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, saboda yana narkewa ya bi ruwa tun kafin lakar ta kwanta. Yawancin naitirojin ɗin ma a ɗaure yake cikin ruɓaɓɓen abu, sai ƙananan halittun ƙasa sun warware shi sannu a hankali, don haka wani kaso kawai shuka ke samu a daminar farko, sauran ya biyo baya. Manomin da ya ga masararsa ba ta yi kore shar nan take ba, sai ya ƙara lodi, kuma a nan kuskuren yake: fosfaras ya taru ya wuce bukatar shukar, ruwan sama ya wanke rarar zuwa rafi da kududdufi, rarar naitirojin kuma ta nutse zuwa rijiyoyin da ake sha.

Abin da ya fi damun mu shi ne ƙarafa masu guba. Inda ruwan gidaje ke haɗuwa da na masana'antu, kamar yadda majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano ke zubar da ruwa mai sinadarin kuromiyam, lakar takan ɗauko dalma da kadmiyam da makamantansu. Dalma da kuromiyam sukan maƙale a ƙasa da saiwa, amma kadmiyam yana hawa har cikin ganye cikin sauƙi, musamman a latas da alayyafo, kuma yana ƙara hawa idan ƙasar mai tsami ce. Ganyen zai yi kyau a ido, mai saye ba zai ji wani ɗanɗano dabam ba, amma kadmiyam yana taruwa a ƙoda shekara da shekaru har ya lalata ta, ya kuma raunana ƙashi. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Abin da aka zuba bana, jikoki za su tarar da shi a gonar.

Saboda haka ne wasu ƙasashe suka karkata lakar zuwa amfanin gonar da ake ƙonawa a sami wuta ko mai. A Suwidin an daɗe ana noma wani itace mai saurin girma da ake kira Salix, ana sare shi duk bayan shekara uku ko huɗu ya sake tofowa, a kai itacen tashoshin samar da lantarki da ɗumama gidaje. Garin Enköping ya yi suna wajen shayar da irin wannan gona da ruwan da ya fito daga matatar ƙazantar garin. Itacen yana cinye naitirojin da yawa, yana kuma zuƙe kadmiyam fiye da yawancin shuke-shuke, ta yadda kowace sara tana fitar da wani abu na gubar daga ƙasar. Duk da haka ba sakaka ake yi ba. Dokar Turai ta 1986 ta ƙayyade yawan ƙarfen da aka yarda a samu a laka da kuma a ƙasar gona, ta hana zuba ta a inda ake noman kayan lambun da ke taɓa ƙasa kuma ake ci ɗanye har tsawon wata 10 kafin girbi, ta kuma hana kiwo a filin da aka zuba lakar sai bayan aƙalla mako uku.

A wajenmu, abin da ya yi kama da wannan shi ne gandun itacen girki irin su turare da darbejiya, da kuma cini da zugu, wanda ake matse mai daga 'ya'yansa, dabbobi kuma ba sa cin ganyensa. Rake da rogo fa, ko da ana yin man itanol da su, ba na sa su cikin wannan layi, domin na san yara za su sha raken, rogon kuma zai ƙare a kasuwa. Haka karan dawa, tunda shanu ke cinye shi da rani.

Ko ga itacen ma akwai sharaɗi. Ɗanyen bahaya na ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki, kuma ƙwan tsutsar nan yana daɗewa da rai a ƙasa. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 sun ce a yanayi mai zafi a ajiye bahaya fiye da shekara guda kafin a kai shi gona. A tona rami a binne shi nesa da rijiya da bakin fadama, a yi aikin da rani, mai aikin ya sa takalmin roba da safar hannu, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Lakar da ta fito daga unguwar masana'antu kuwa kada a karɓa ko kyauta ce, sai an gwada ta a ɗakin bincike.

Tokar itacen ita ma tana bukatar kulawa, domin ƙarfen da bishiyar ta zuƙa ba ya ƙonewa, wani kaso yana saura a cikin tokar. Iyayenmu mata da ke tace ruwan toka su zuba a miya su nemi tokar wani itacen dabam, wannan kuwa a mayar da ita gindin bishiyoyin da ta fito, kada a watsa ta a lambu.