Mene ne "antiyoksidan" da ake ta tallatawa a jikin kwalbar jus?

Masu motsa jiki sun saba jin ana cewa su sha ruwan rumman ko na ceri don "yana da antiyoksidan". Ba za a gane kalmar ba sai an fara sanin abin da take yaƙa.

Ka yanka tuffa ka ajiye, kafin wani lokaci fuskarta ta yi duhu. Aikin iskar oksijin ke nan, ita ce kuma ke sa ƙarfe tsatsa. Irin haka na faruwa a jikinmu. Tsoka tana ƙona abinci da oksijin don ta samu ƙarfi, a cikin haka sai wasu ƙwayoyi marasa natsuwa su ɓalle, waɗanda masana ke kira firi radikal. Kowannensu na ɗauke da ilektiron (wato ɗan mitsitsin abu mai cajin lantarki) guda da ba shi da abokin zama, sai ya fizgi na maƙwabci, ko daga kitse, ko furotin, har da ƙwayar halitta. Gudu ko ɗaga ƙarfe na tsananta, su kuma suna ƙaruwa. Idan suka fi ƙarfin masu kashe kaifinsu, an shiga oksidetib sitires, sunan da Bajamushen masani Helmut Sies ya fito da shi a 1985. A Hausance sai mu ce tsatsar cikin jiki.

Antiyoksidan shi ne mai miƙa wa firi radikal ilektiron su lafa. Jiki na haɗa nasa, 'ya'yan itatuwa kuma na ƙara masa da bitamin C da sinadaran da ke ba su launin ja ko shuɗi. An gwada ruwan ceri mai tsami a kan 'yan gudun famfalaki, aka ga ƙarfin tsokarsu ya dawo da wuri. Amfani ne, sai dai bai kai yadda masu talla ke zuzuta shi ba.

Ga inda gizo ke saƙa: tsoka na bukatar 'yar wannan tsatsar, domin ita ce ke sanar da jiki ya ƙara shiri. A wani bincike da aka yi a Jamus a 2009, samarin da suka riƙa shan miligiram 1000 na bitamin C tare da bitamin E kullum sun rasa ribar da motsa jiki ke kawowa wajen sarrafa sukari, wadda abokan aikinsu da ba su sha ba suka samu. Ƙwayoyi ne aka ba su, ba jus ba, amma a ganina ya isa a yi hattara: jus ɗin ya fi dacewa da kwanakin gasa, lokacin da ake son murmurewa da sauri. Kuma kar a manta, cike yake da sukari.