Babban Hafsan Sojan Ruwa na Najeriya

Babban Hafsan Sojan Ruwa shi ne jami'in da ke jagorancin rundunar sojan ruwa ta Tarayyar Najeriya. A hannunsa horar da dakaru yake, da kula da jiragen yaƙi, da tsara ayyukan rundunar, kuma shi ke ba gwamnati shawara a kan tsaron teku. Mai kujerar kan ɗauki taurari uku, wato muƙamin Bayis Admiral, daidai da Laftanar Janar a sojan ƙasa. Ofishinsa na Abuja, ɗaruruwan kilomita daga bakin teku.

A Nijar babu kwatankwacin wannan muƙami, tunda ƙasar ba ta da gaɓar teku. Saboda haka mutumin Damagaram ya fi jin sunan a labarun rediyo, duk lokacin da aka sauya manyan hafsoshi a maƙwabciyar ta kudu. Amma kalmar ba baƙuwa ba ce kamar yadda kunne ke ɗauka: "amiral" da ake cewa da Faransanci daga "amir" na Larabci ta samo asali. Wasu kan kira shi Sarkin Ruwa da wasa, sai dai sarautar Sarkin Ruwa ta ƙasar Hausa, irin ta Argungu, ta masunta ce da kula da kogi, ba ta yaƙi ba.

Asali

Tushen rundunar shi ne sashen jiragen ruwa na Turawan mulkin mallaka, wanda aka haɗe a 1914 lokacin da aka gama Arewa da Kudu. Yawancin aikinsa a lokacin shi ne yashe hanyoyin ruwa, kula da tashoshi da jigilar ma'aikatan gwamnati. A ranar 1 ga Yuni 1956 aka kafa rundunar sojan ruwa, Kyaftin F. W. Skutil ya zama shugabanta na farko. Kwamado A. R. Kennedy ya gaje shi a 1958. Ko bayan samun mulkin kai a 1960 Bature ne ya ci gaba da riƙe ragamar, domin ba a koyon tuƙin jirgin yaƙi da rana ɗaya, ƙwararrun ƴan ƙasa kuwa ba su da yawa. Sai a 1964 Joseph Edet Akinwale Wey, haifaffen Kalaba, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar.

Wey ya yi shekara tara a kai, kuma a zamaninsa ne aka gane nauyin muƙamin. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, jiragen rundunar suka toshe gaɓar tekun Biyafara, suka sauke sojan ƙasa a Bonny a watan Yuli, sannan a Kalaba a watan Oktoba na wannan shekara. Toshewar ta hana makamai shiga ta ruwa. Ta kuma hana abinci, tana cikin abubuwan da suka jawo yunwar da ta ci rayukan fararen hula masu ɗimbin yawa. Nelson Soroh, wanda ya ja ragamar jirgin yaƙi mai suna Nigeria a lokacin, shi ya gaji Wey a 1973.

Kujerar da siyasa

Abin lura a tarihin muƙamin shi ne yadda masu riƙe shi kan ƙare a kan tudu, cikin sha'anin mulki. Sojan ƙasa ne ke juyin mulki a Najeriya, domin su ke da tankoki da yawan dakaru. Sojan ruwa ba shi da ƙarfin kifar da gwamnati, kuma da alama wannan ne ya sa shugabannin soja suka fi samun kwanciyar hankali idan shi ke biye da su. Janar Yakubu Gowon ya ɗaga Wey zuwa matsayin na biyu a gwamnatinsa daga 1973 zuwa 1975. Janar Ibrahim Babangida ya yi haka da Augustus Aikhomu a 1986, daga baya ya ba shi sunan mataimakin shugaban ƙasa. Mike Akhigbe ma shi ne na biyu ga Janar Abdulsalami Abubakar daga 1998 zuwa 1999. Sau uku ke nan, ya wuce a ce dace ne kawai.

Ɗan Arewa na farko da ya riƙe kujerar shi ne Murtala Nyako, daga 1990 zuwa 1992. Kafin nan ya yi gwamnan soja na jihar Neja a 1976, bayan ritaya ya rungumi noma har ake masa laƙabi da Baba Mai Mangwaro, sannan aka zaɓe shi gwamnan Adamawa a 2007. Ola Sa'ad Ibrahim ya tashi daga wannan kujera ya zama Babban Hafsan Tsaro a 2012. Ibok-Ete Ibas, wanda ya riƙe ta daga 2015 zuwa 2021, shi aka naɗa kantoman jihar Ribas a watan Maris 2025 da aka sa dokar ta-ɓaci. Bayansa an yi Awwal Zubairu Gambo, ɗan jihar Kano, sai Emmanuel Ogalla a 2023, sai Idi Abbas a watan Oktoban 2025.

Naɗi da iko

Sashe na 218 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa shi. A 2013 wata babbar kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa sai majalisar dokoki ta amince naɗin zai inganta, shi ya sa ake tantance sabbin hafsoshi a gaban ƴan majalisa. Shugaban ƙasa na iya sauke shi duk sa'ar da ya so. A ƙarƙashinsa akwai rundunar yamma a Legas, ta gabas a Kalaba da ta tsakiya a Yenagoa, ban da sassan horo da na kayan aiki.

Aikin yau

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 850, ƙasar kuma na da haƙƙin cin arzikin ruwa har kusan kilomita 370 cikin teku. Duk da haka abokin gabar babban hafsan ba rundunar wata ƙasa ba ce. Ƴan fashin teku ne, da masu fasa bututu suna satar ɗanyen mai, da masu kamun kifi ba izini. Yawancin wannan fama a cikin ƙoramu da dazuzzukan Neja Delta ake yinsa, inda ƙaramin kwalekwale mai inji ya fi babban jirgi irin Aradu amfani, wanda aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982.

Rikicin Boko Haram ya ja rundunar zuwa arewa maso gabas, ta kafa sansani a Baga, bakin Tafkin Chadi, ruwan da ya taɓa yankin Diffa ta ɗaya gefen. Ta ɓangaren teku ma akwai inda aikin ya shafi Nijar. A tsarin tsaron mashigin Gini da shugabannin yankin suka amince da shi a Yawunde a 2013, an sa Nijar a shiyya ɗaya da Najeriya, Benin da Togo, cibiyar shiyyar na Kwatano. Dalilin a fili yake: shinkafa, suga da kayan gyaran mota da ake saukewa a kasuwar Dole ta Damagaram sai sun ratso wannan ruwa kafin su hau tirela. Tun 2024 kuma ɗanyen man Agadem da ke gabashin Nijar, wanda wani ɓangarensa ake tacewa a matatar Soraz kusa da Damagaram, yana bin bututun kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Benin, tashar da ke dab da iyakar ruwan Najeriya.