Manhajar lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa: ku karanta kafin ku sake tambayata

Ɗalibai da masu haƙar burtsatse sun ishe ni da tambayoyi iri ɗaya a kan manhajar lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa, musamman wadda ake kira MODFLOW. Ga amsoshin, kowa ya ɗauki tasa.

Wai manhajar tana hango ruwa a ƙarƙashin ƙasa?

A'a. Ba madubin boka ba ce. Lissafi kawai take yi.

Wane irin lissafi?

Tana yanka yankin gida-gida a cikin kwamfuta, ta lissafa ruwan da ke shiga kowane gida da wanda ke fita. Tushen abin dokar Henry Darcy ce, wanda ya gwada yadda ruwa ke ratsa yashi a Faransa a 1856.

Nawa ake sayar da ita?

MODFLOW kyauta ce. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da ita a 1984, McDonald da Harbaugh suka rubuta ta. Duk wanda ya karɓi kuɗinka a kanta ya cuce ka. Wata manhajar irinta, FEFLOW ta Jamus, ita ce ake biya.

Na ji wasu manhajojin har zafi suke lissafawa. Me ya kawo maganar zafi?

Akwai masu samar da lantarki daga tururin cikin ƙasa. Irinsu Karsten Pruess ya yi wa manhajar TOUGH a Berkeley ta Amurka, TOUGH2 ta biyo baya a 1991, har aka yi amfani da ita wajen nazarin binne sharar nukiliya a dutsen Yucca. Mai burtsatse a Jega, wannan ba taka ba ce.

Ina noman rani a fadamar Argungu. MODFLOW za ta gaya mini rijiya nawa zan ƙara ba tare da na ƙafar da ta maƙwabcina ba?

To Alhaji, nan ne gizo ke saƙa. Za ta iya, amma sai ka ba ta abin da za ta lissafa: kaurin yashin da ke riƙe ruwan, saurin da ruwa ke ratsa shi, yawan abin da kowane inji ke zuƙa a rana, da yadda gulbin Rima ke mayar wa fadamar ruwa bayan damina. Waye cikinmu ke auna zurfin rijiyarsa duk wata ya rubuta? Idan babu wannan, za ta zana maka taswira mai launi, kyakkyawa, kuma ƙarya.

Sannan ya danganta da ruwan da kake nufi. Na saman fadama daban, na shimfiɗar yashin da ake kira Gwandu, da laka ta danne a ƙasa, daban, wanda a wasu wurare ma yakan tunkuɗo da kansa in an huda. Ka haɗa su wuri ɗaya a lissafi, ka ɓata aikin. Ko da komai ya cika, ƙiyasi za ka samu, mai yiwuwa ya yi daidai a shekarar da damina ta yi kyau, ya kauce a ta fari. Kada hankalinka ya tashi: a yi gwajin zuƙo ruwa na yini guda, ana duba rijiyar maƙwabcin. Sau da yawa wannan ya wadatar da gona ɗaya.

Haka yake a Gusau?

Ina! Can dutse ne a ƙasa, ruwan yana cikin tsagogi da rugurgujen dutse. MODFLOW ta fi jin daɗin yashi. A fara da awon ƙasa na lantarki.

Kwamfutata tsohuwa ce, za ta ɗauka?

Za ta ɗauka. A kwamfutocin 1984 aka fara gudanar da ita. Ka nemo igiyar awon zurfin rijiya tukuna.