Waiwaye: Louis Vierne da ogan ɗin cocin Notre-Dame

Ranar 15 ga Afrilun 2019, da gobara ta cinye rufin babban cocin Notre-Dame da ke birnin Paris, masu son kiɗa sun yi ta tambaya: ogan ɗin fa? Wuta ba ta kai gare shi ba, amma ƙurar dalma ta lulluɓe shi. Sai da aka sauke bututunsa kusan 8,000 aka tsabtace, kafin a sake jin muryarsa a bikin buɗe cocin ranar 7 ga Disambar 2024. A wannan karon kuɗi sun zo daga ko'ina. Kusan shekara ɗari da suka wuce kuwa, makaɗin ogan ɗin ne da kansa ya riƙa yawon nema masa kuɗin gyara, shi ne Louis Vierne.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ogan abin kiɗa ne da ake ginawa a jikin coci. Ana tara iska kamar yadda zugazugin maƙeri ke yi, ana sakinta cikin bututu manya da ƙanana. Makaɗin yana danna madannai da hannu biyu, yana taka wasu da ƙafa biyu. Na Notre-Dame, wanda Aristide Cavaillé-Coll ya sake ginawa a 1868, jerin madannan hannu biyar gare shi.

An haifi Vierne a garin Poitiers ranar 8 ga Oktoban 1870 da ciwon yanar ido. Aikin da aka yi masa yana yaro ya ba shi ɗan gani kaɗan, shi ya sa da ya girma yake rubuta kiɗansa a kan manyan takardu. Ya yi karatu a makarantar makafi ta ƙasa da ke Paris, wadda Louis Braille, mai rubutun makafi, ya yi karatu kuma ya koyar a cikinta. Makarantar ta ɗauki kiɗan ogan a matsayin sana'ar da makaho zai ci abinci da ita cikin mutunci, kuma ta yaye gwanaye irin su André Marchal da Jean Langlais da Gaston Litaize. A ganina, mafarin labarin ke nan: an ba yaron sana'a, ba a tsaya ga tausaya masa ba.

A 1890 ya shiga ajin ogan na César Franck a babbar makarantar kiɗa ta Paris, sai dai Franck ya rasu a Nuwamban shekarar. Charles-Marie Widor, wanda ya gaji ajin, ya riƙe shi, har ya ɗauke shi mataimaki a cocin Saint-Sulpice a 1892. A 1900 aka yi gasar neman makaɗin Notre-Dame, Vierne ya lashe.

Muƙamin suna gare shi, amma ba ya ciyar da gida. Dokar 1905 ta raba coci da gwamnati, kuɗin hidimar addini suka ja baya, ambaliyar kogin Seine ta 1910 da shekarun yaƙi suka ƙara lalata ogan ɗin. Shi ma makaɗin, jarrabawa ta yi ta bin sa. A 1906 ya faɗa rami a titi ya karye mummunar karaya a ƙafa, sai da ya sake koyon taka madannan ƙasa. Aurensa ya mutu a 1909. A 1911 kujerar malamin ogan ta babbar makarantar ta zama ba kowa, shi kuma ya shafe shekaru yana taimaka wa ajin ba albashi, amma aka tsallake shi aka ba Eugène Gigout. Wannan abu ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma da wuya mai adalci ya ce an kyauta masa. Ɗansa André ya rasu da tarin fuka a 1913. Ɗansa Jacques ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, René, ƙanen Vierne, ya bi baya a 1918, duk Vierne yana Suwizalan yana jinyar ido.

Cikin wannan hali ya yi ayyukansa. Ya tsara manyan kiɗe-kiɗen ogan guda 6 da ake kira simfoni, tsakanin 1899 da 1930, da ƙananan kiɗe-kiɗe 24 na Pièces de fantaisie. A cikinsu ne Carillon de Westminster yake, wanda ya gina a kan amon ƙararrawar agogon majalisar dokokin Birtaniya. Kiɗan fiyano da goge huɗu da ya rubuta don tunawa da Jacques kuwa, wanda ya saurara zai ji fushin uba da baƙin cikinsa ba tare da an yi masa bayani ba.

A 1927 ya zaga Amurka yana wasa, yana neman taimakon gyara ogan ɗin. An kammala wani gyara a 1932.

Ranar 2 ga Yunin 1937 yana wasa gaban jama'a a Notre-Dame, ɗalibinsa Maurice Duruflé na tsaye kusa da shi. Ya gama kiɗan da ya tsara don tunawa da wani yaro da ya rasu, yana shirin ƙirƙirar sabon kiɗa nan take, sai ajali ya riske shi a kan kujerar da ya shafe shekara 37 yana zama.

Ya so a yi gasa wajen zaɓen magajinsa, kamar yadda aka yi a lokacinsa. Hukumar cocin ta naɗa mataimakinsa Léonce de Saint-Martin ba gasa, duk da ƙorafin manyan makaɗa. Duruflé ya ci gaba da aiki a cocin Saint-Étienne-du-Mont, kuma shi ne daga baya ya zauna ya saurari faifan da aka naɗa na Vierne a 1928, ya rubuta kiɗe-kiɗe uku da malaminsa ya ƙirƙira nan take, don sauran makaɗa su iya buga su.