Fiya-fiya a buhun wake: abin da NAFDAC ta hana

Da kaka ta yi, wake ya fara shigowa kasuwar Mai'adua da ta Charanci, damuwar mai sito ɗaya ce: kada ƙwari su mayar masa da jari gari. Sai a ɗauko fiya-fiya a yayyafa, a ɗinke buhu, a jibge. Wasu ma ɗakin kwana suke fesawa saboda sauro da kuɗin cizo, yara na ciki.

Sinadarin da ke cikin maganin ƙwarin nan Sniper da mafi yawan fiya-fiya shi ne wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba. Mai ƙarfin nan an yi shi ne don gona, ba don abinci ko ɗaki ba. Tun 1 ga Satumba 2019 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta hana sayar da shi a tsakiyar kasuwa da manyan kantuna, sai wurin dillalan kayan noma. Ta kuma hana ƙerawa da shigo da ƙaramar kwalba mai mililita 100, domin arha da ƙanƙantarta ne suka sa ya shiga kowane gida, har aka yi ta rasa rayuka. Ƙa'idar hukumar kuma ita ce duk maganin ƙwari sai an yi masa rajista, da lamba da bayanin amfani a jikinsa. Ke nan wanda aka ɗura a kwalbar da babu ko rubutu, ake tallarsa a tasha, ba shi da gurbi a doka ko kaɗan.

Me ya sa aka tsananta? Yadda yake kashe ƙwaro haka yake taɓa mutum. Yana toshe wani sinadari da jijiyoyi ke amfani da shi wajen tsayar da saƙo, sai jiki ya rikice: yawu ya yi ta zuba, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya, wani har jijjiga. Kuma ba sai an sha ba, ta fata da hanci ma yana shiga. Mai feshin da ya daɗe yana aiki ba takunkumi ba safar hannu kan yi fama da ciwon kai, mantuwa da saurin fushi, a gida a ce halinsa ne ya canza. Wannan ne ya fi ci mini rai, don ba kasafai ake danganta shi da tankin da yake goyawa ba.

Mun ma taɓa jin jiki a kasuwar duniya. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda wannan sinadari. Iyakarsu miligiram 0.01 ne a kilo, aka samu namu ya ninka haka sau da yawa. Waken da suka ƙi, irinsa muke yin ƙosai da alala da shi.

Magungunan ciyawa ma dokar ta taɓa su. An haramta farakwat daga farkon 2024, aka kuma tsara janye atirazin daga farkon 2025. Farakwat na manne wa ƙasa ya daɗe, yana lalata huhun mutum in ya shiga cikinsa. Atirazin kuwa bin ruwa yake ya gangara har rijiya. Mai noman rani a bakin dam ɗin Ajiwa, in ya wanke tankin feshi a ruwan, ya tuna daga nan ake tura wa birnin Katsina ruwan famfo, kifin ciki kuma shi ke fara mutuwa. Jarkar magani da ta ƙare a huda ta, kada ta koma ta ruwa ko ta man gyaɗa.

Wake kuwa buhun PICS mai leda biyu a ciki yana riƙe shi ba magani, muddin ya bushe sosai an ɗaure bakin tam, iska ce ke ƙare wa ƙwarin. In kuma tsautsayi ya sa wani ya sha maganin ƙwari ko ya zube masa, a cire kayan jikinsa a wanke da sabulu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A kai shi asibiti nan take, a tafi da kwalbar likita ya gani.