Ƙananan Jiragen Ƙasa na Gida

Haɗa ƙananan jiragen ƙasa sha'awa ce da mutum kan ba lokacinsa na hutu, inda yake shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur ko kanta a cikin gidansa, ya kewaye shi da tashoshi da gadoji da duwatsu da gidaje waɗanda aka ƙanƙantar bisa lissafi, sannan ya riƙa tafiyar da jiragen da wutar lantarki bisa tsarin da ake bi da na gaske. Abin da ya raba ta da wasan yara shi ne ma'auni, domin tarago da dogo da ƙofar tasha da bishiyar da ke gefenta duk sai an rage girmansu da kaso ɗaya. Aikin ya ƙunshi kafinta da haɗa waya da fenti da gyaran ƙananan injuna, kuma yakan kai mai shi ga binciken tarihin layin da yake kwaikwayo. Ga Bahaushen da ke zaune a Makka ko Jidda ko Madina, abubuwa biyu ne suka fi shafar wannan aiki: layukan ƙasar da yake iya ɗauka abin koyi, da kuma zafi da ƙura da za su gwada duk abin da ya gina.

Asali

Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya baje jirgin wasa mai injin da ake murɗawa irin na agogo a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891, tare da guntayen dogo masu awo ɗaya waɗanda ake iya ƙarawa a kai a kai. Wannan dabara ta sayar da dogo gunduwa-gunduwa ita ce ta mai da abin wasa ya zama tsarin da ke girma a hannun mai shi shekara da shekaru. A Amurka an kafa Lionel a birnin New York a 1900, a Ingila kuma Frank Hornby na Liverpool ya fara fitar da jiragensa a 1920. Da wutar lantarki ta wadatu a gidaje sai injin lantarki ya maye gurbin injin da ake murɗawa, jiragen suka ci gaba da ƙanƙancewa, manya kuma suka karɓe abin daga hannun yara. A 1935 masu wannan sha'awa a Amurka suka kafa ƙungiyar NMRA don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa dacewa da juna, Turai ta bi baya da tata ƙungiyar, MOROP, a 1954. Mafi shaharar shimfiɗa a yau ita ce Miniatur Wunderland ta birnin Hamburg, wadda aka buɗe a 2001, kuma tsawon dogonta ya haura kilomita 15.

Ma'auni da faɗin dogo

Akwai awo biyu da ya wajaba a bambance. Na farko shi ne kason da aka rage girman jirgi, na biyu kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo guda biyu. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, tazarar dogon kuma milimita 16.5 ce, daidai da layin duniya na milimita 1,435 idan an ƙanƙantar da shi. Ma'aunin N, wanda kamfanin Arnold na Jamus ya yaɗa a farkon shekarun 1960, yana ragewa sau 160 a kan dogo mai milimita 9. Z da Märklin ya fitar a 1972 yana ragewa sau 220 a kan milimita 6.5. Daga ɓangaren manya akwai O mai dogon milimita 32, da G mai milimita 45 da kamfanin LGB ya kawo a 1968 don shimfiɗawa a lambu. Turawan Ingila suna da nasu OO, mai rage girma sau 76 amma a kan dogon HO, saboda haka mai saye daga can ya sani cewa taragon zai hau layinsa lafiya, sai dai zai fi maƙwabtansa girma.

Zaɓin ma'auni yawanci fili ne ke yanke shi. Kwana mafi matsi da aka saba sayarwa a HO na Turai tana da nisan milimita 360 daga tsakiyar da'ira, dogayen taragun fasinja kuwa suna buƙatar abin da ya fi haka sosai, don haka cikakken zagaye kan cinye tebur mai faɗin mita ɗaya ko fiye. Iyalin da ke zaune a gidan haya na bene, inda ɗaki ɗaya ne falo da rana kuma makwanci da dare, sun fi samun sauƙi da N, wanda zagayensa ke shiga a kan falankin da bai wuce girman ƙyauren ɗaki ba, ko kuwa su yi doguwar kanta a jikin bango wadda jirgi ke kai da komo a kanta ba tare da zagaye ba.

Layukan Hijaz da Sudan a matsayin abin koyi

Nan ne lissafin ma'auni ya fi amfani ga mazaunin Saudiyya. Layin Dammam zuwa Riyad da aka buɗe a 1951, da layin Haramain mai gudu da ya haɗa Makka da Jidda da Madina tun 2018, duka a kan tazarar milimita 1,435 suke, don haka dogon HO ko N na kanti ya dace da su kai tsaye. Da yawa daga kawunan jiragen kaya na ƙasar ƙirar EMD ta Amurka ne, kuma ana iya samun dangoginsu a HO a sake musu fenti. Jirgin Haramain kuwa, ƙirar Talgo ta Sifaniya, yana da wuyar kwaikwayo a gida saboda dalili na lissafi: gudun kilomita 300 a sa'a, idan an raba shi da 87, kusan mita ɗaya ne a daƙiƙa, wato zai ƙare teburin mita biyu da rabi kafin a ƙirga uku. Tsawon layin, kimanin kilomita 450, zai buƙaci dogon da ya haura kilomita 5 a HO. Wannan ne ya sa babu mai gina layi sukutum. Kowa yakan zaɓi tasha ɗaya ko wata gada ya tsaya a kanta.

Tsohon layin Hijaz ya fi dacewa da ɗaki. An fara shi daga Dimashƙa a 1900 zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu, ya isa Madina a 1908 bayan kimanin kilomita 1,300, ɓangarensa na kudu kuma ya lalace a Yaƙin Duniya na Ɗaya bai sake farfaɗowa ba. Tazarar dogonsa milimita 1,050 ce, wadda in an raba da 87 take ba da milimita 12 da ɗan ɗoriya, kuma akwai dogon milimita 12 da ake sayarwa da sunan HOm don siraran layukan Suwizalan. Jiragen layin gajeru ne, gudunsu kaɗan, tashoshinsa kuma ƙananan gine-ginen dutse ne a tsakiyar sahara, da rijiya ko tankin ruwa a gefe. Tashar Anbariyya a Madina ta zama gidan tarihi, gine-ginen Tabuka da na Mada'in Salih ma suna nan, don haka mai gini yana iya zuwa ya gani da idonsa, ya ɗauki hoto, ya ƙiyasta tsawon bango da yawan tagogi. A ganin mai wannan rubutu, babu layin da ya fi wannan cancanta ga wanda ya tashi a Madina yana wuce wannan tasha tun yana yaro.

Layin Sudan ma yana da alaƙa da tarihin Hausawan Hijaz, domin kakannin da yawa daga cikinsu ta ƙasa suka taho, suka ratsa Cadi da Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin ko Bur Sudan. Dogon ya haɗa Atbara da gaɓar teku a 1906, ya kai Al'ubayyid kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya isa Nyala a 1959, kuma kowane ƙari ya rage wa alhazai tafiyar ƙafa. Tazararsa milimita 1,067 ce, irin ta tsohon layin Legas zuwa Kano, kuma ita ma dogon milimita 12 yana wakiltarta a HO ba tare da kuskuren da ido zai kama ba. Kawunan jirage da taragun waɗannan layuka ba kasafai ake samunsu a shirye ba, sai dai a sayi ƙasan wani jirgi mai injin da ƙafafun da suka dace, a gina gangar jikin da falankin roba, ko a fitar da ita da na'urar ɗab'i ta 3D mai siffanta abu.

Wuta

A tsohon tsari, taransifoma kan rage wutar gida zuwa abin da bai wuce bolt 12 ba, ƙarfe ɗaya na dogo ya kai wutar, ɗayan ya mayar da ita. Ƙara ƙarfin wuta na ƙara gudu, juya ta kuma na juya jirgin baya, amma duk jiragen da ke kan layi ɗaya tare za su motsa, sai in an yanka dogon kashi-kashi kowane da makunninsa. Tsarin DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus kuma NMRA ta amince da shi a shekarun 1990, ya warware wannan: wuta tana kan dogo kullum, umarni na tafiya a cikinta, kowane kan jirgi yana ɗauke da 'yar na'ura mai lambarta, kuma ba ya amsa sai umarnin da aka aiko wa lambarsa. Sababbin na'urorin da lamba 3 suke fitowa daga masana'anta, don haka sai an sauya wa kowace lamba kafin a ɗora jirage biyu. Märklin yana da tsarinsa dabam a HO, mai ɗaukar wuta daga 'yan ƙusoshin da ke tsakiyar dogo, kuma kawunan jiragensa ba sa aiki a kan dogon sauran kamfanoni. Wutar gidajen Saudiyya a yau bolt 220 zuwa 230 ce a mafi yawan wurare, ko da yake akwai tsofaffin gidaje masu 127, saboda haka taransifomar da aka yi wa Amurka mai 120 za ta ƙone idan an jona ta ba a duba ba.

Gini

Ana fara da firam na katako da falankin filawud a kai, a shimfiɗa abin da zai rage ƙara a ƙarƙashin dogo, sannan a gwada layin da jirgi sau da yawa kafin a manne komai. Hawa bai kamata ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowace mita ba. Haɗin da ke tsakanin guntayen dogo ba abin dogaro ba ne wajen kai wuta, don haka ake ja waya mai kauri a ƙarƙashin tebur, a riƙa fito da sirara ana liƙa su a jikin dogo da dalma. Duwatsu da tudu da soson roba mai tauri da filasta ake yin su, tsakuwar dogo kuma da farin gam da aka tsinka da ruwa ake kafe ta. Yashin sahara na gaske yana yin kyau ƙwarai in an tankaɗe shi, amma wajibi ne a bi ta kansa da maganaɗisu tukuna, domin ɓurɓushin ƙarfen da ke cikinsa injin jirgi zai janye shi ya cusa a giya. Wanda ba ya son ajiye mutum-mutumi a gidansa saboda addini yana iya barin 'yan mutanen roba da ake jerawa a tasha, kuma layin sahara ba ya rasa komai da rashinsu.

Gyara, zafi da ƙura

Mafi yawan abin da ake ɗauka lalacewar inji datti ne kawai. Wurin da ƙafar jirgi ke taɓa dogo bai kai kan allura ba, kuma ta nan duk wutar ke bi, don haka ƙura kaɗan ta isa ta sa jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga. Ana goge dogo da ƙafafu da ƙyalle marar gashi da aka jiƙa da sinadarin isofurofil da ake samu a kantin magani. Ba a kankare dogo da takardar yashi, domin zanen da take bari shi ne zai riƙe datti nan gaba. Man inji kuma ɗigo ɗaya ne a kan tsinke, na musamman wanda ba ya cin roba. Yawansa na haɗuwa da ƙura ya zama kitse mai danƙo. A gari irin Riyad ko Madina, inda guguwar ƙura ke shiga ko ta ƙasan ƙofa, murfi ko mayafi mai sauƙi a kan shimfiɗar ya fi kowane sinadari amfani.

Zafi matsala ce ta dabam. Dogon zamani haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya ne, kuma mita ɗaya daga cikinsa tana ƙara kusan rabin milimita idan zafi ya hau da digiri 30. A Makka, inda zafin bazara ke haura digiri 45, ɗakin saman bene da aka kashe wa na'urar sanyaya ɗaki yana iya ganin irin wannan sauyi, kuma dogon da aka shimfiɗa cikin sanyi ba a bar masa tazara ba zai lanƙwashe ya ɓalle daga 'yan sandunan da ke riƙe da shi a ƙasa. Maganin shi ne a bar 'yar kafa mai kaurin kati a wasu mahaɗai, kada kuma a liƙe su duka da dalma. A Jidda da Yanbu laimar teku ce ke kumbura katako tana sa ƙarfe tsatsa, don haka ake shafe firam da fenti ciki da waje. Taragon roba da aka manta a cikin mota a rana yana iya karkacewa ta yadda ba ya gyaruwa.

Idan tarago ɗaya ne ke yawan sauka daga layi a wurare daban-daban, laifin nasa ne, kuma sai a duba tazarar ƙafafunsa da tsayin maƙalarsa da nauyinsa, domin wanda ya cika sauƙi kwana na fizge shi. Idan kuwa taragu da yawa ne ke sauka a wuri guda, dogon wurin ne ke da matsala, galibi a mahaɗa ko a wurin sauya layi. Ƙarar ƙas-ƙas da ke maimaituwa daidai da juyawar ƙafa alama ce ta giyar roba da ta tsage. Mai sayen tsofaffin jirage ta intanet kuma ya nemi hoton ƙasansu, saboda wasu da aka zuba da tutiya marar tsafta kan kumbura su farfashe da kansu, kuma ba a gyara irin wannan ɓarna sai dai a sauya ɓangaren gaba ɗaya.